Sayen Agogon Hannu Na Ƙwarai A Karon Farko: Jagora Ga Mazaunin Kaduna

Agogon farko da na saya da kuɗin gumina bai ga damina biyu a hannuna ba. A wurin wani mai talla na saye shi, wanda ya jera agoguna a kan jan ƙyalle cikin faranti. Ruwan zinare ne, fuskarsa ɗauke da sunan wani babban kamfanin Suwizalan, kuma mutumin ya rantse mini cewa daga Dubai aka zo da shi. Kafin wata uku ruwan zinaren ya fara ɓarewa ta wajen maƙulli, ya riƙa bar mini koren zobe a tsintsiyar hannu duk ranar da na yi gumi. Ranar da ruwan watan Agusta ya rutsa da ni a kan babur tsakanin Kawo da Mando, ina isa gida na tarar raɓa ta rufe gilashin ta ciki, bayan kwana huɗu kuma ya tsaya cik. Mai gyaran da na kai wa ya ɗora madubinsa a ido, ya sa bakin wuƙa ya ɓalle murfin baya, sai ga wani ɗan mitsitsin inji da bai fi farcen babban yatsa ba, an kewaye shi da farar roba domin ya cika gidan. Ya miƙo mini abina, ya ce, "Malam, wannan kuɗin gyaransa ya fi kuɗinsa."

Tun daga lokacin na daina auna agogo da sunan da ke rubuce a fuskarsa. Abin da ke sa a kira agogo na ƙwarai shi ne injin da ke cikinsa, da ƙarfen da aka yi gidansa, da gilashinsa, da yadda aka toshe shi daga ruwa da ƙura, sannan da samun wanda zai iya gyara shi a garin da kake zaune. A kan waɗannan ne matakan da ke tafe suka ginu.

Mataki na farko: ka dubi yininka kafin ka dubi kanti

Kafin ka taka zuwa kasuwa, ka zauna ka bi yininka daga asuba zuwa dare, ka ga abin da hannunka ke shiga. Musulmin Kaduna yana kai hannunsa ga ruwa kusan sau biyar a rana domin alwala, ban da wanke hannu kafin cin abinci da bayansa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga duk wata kafa da ta samu, a Maris da Afrilu gumi ne ke jiƙa tsintsiyar hannu, daga Mayu zuwa Oktoba kuma ruwan sama yana iya kama mutum a ko'ina. Agogon da za a ɗaura kullum dole ne ya iya da waɗannan yanayi uku, ba tare da mai shi yana lallaɓa shi kamar ƙwai ba.

Bayan yanayi sai sana'a da sutura. Ma'aikacin ofis ko malamin makaranta da ke sa kaftani mai matsattsen hannu yana buƙatar agogo siriri da zai shige ƙarƙashin hannun riga ba tare da ya maƙale ba. Makaniki, da magini, da wanda ke yini a kan babur ko keke-napep, suna buƙatar wanda zai jure bugu da girgiza, kuma a nan babu abin da ya kai G-Shock na kamfanin Casio, wanda aka fara fitarwa a 1983 da nufin a yi agogon da ba ya fashewa idan ya faɗi. Ma'aikaciyar jinya tana buƙatar hannun sakan da ake gani sarai domin ƙirga bugun jini. Wanda ke kama jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja da sassafe kuwa, abin da ya fi damunsa shi ne agogon da ba zai yi masa lattin minti biyar ba tare da ya sani ba. Idan ka rubuta buƙatunka guda uku ko huɗu a takarda, za ka ga rabin agogunan da ke kasuwa sun fita daga lissafi tun ba ka gan su ba.

Mataki na biyu: ka yanke abin da za ka kashe

Farashin agogo na asali yana bin dala ne, domin daga waje ake shigo da shi, saboda haka ka duba farashinsa a shafin kamfanin da ya ƙera shi, ka juya shi zuwa naira da canjin ranar, ka ƙara ɗan abin da ɗan kasuwa zai ci. Wannan lissafin shi ne sandarka a wajen ciniki. Ka ware wani abu kaɗan a gefe domin rage sarƙa ko sauya maɗauri. Kada ka ci bashi domin agogo, kuma kada ka ɗauke shi a matsayin ajiyar kuɗi, domin in ban da wasu 'yan tsiraru masu tsananin tsada, duk agogon da ya bar kanti darajarsa sauka take yi.

Shawarata ita ce, da kuɗi ɗaya gara ka sayi Casio ko Seiko ko Citizen ko Orient na asali da ka sayi jabun Rolex ko jabun Rado. Haka kuma ka yi hattara da agogunan da ke ɗauke da sunan kamfanonin tufafi da turare, domin sau da yawa injin da ke ciki mai araha ne, sunan kawai ake biya.

Mataki na uku: inji

Nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin injin shi ne agogon, sauran duk gida ne da ado. Iri uku ne za ka tarar.

Na farko shi ne mai batir, wanda za ka ga an rubuta Quartz a fuskarsa. A cikinsa akwai wani ɗan ƙanƙanin dutse da wutar batir ke sa shi karkarwa sau 32,768 a kowane sakan, wani ɗan na'ura kuma yana ƙirga karkarwar yana tura hannun sakan gaba sau ɗaya a duk lokacin da adadin ya cika. Shi ya sa hannun sakan ɗinsa ke tsalle ɗaya-ɗaya. Kamfanin Seiko na Japan ne ya fara sayar da irin wannan agogon hannu, mai suna Astron, ranar 25 ga Disamba 1969, kuma cikin shekaru kaɗan ya durƙusar da kamfanonin Suwizalan da yawa, saboda ya fi nasu daidaito kuma ya zo ya fi nasu araha. Mai batir na kirki bai cika kuskuren da ya wuce sakan 15 zuwa 30 a wata guda ba. Batirinsa yakan kai shekara biyu zuwa uku, wasu na lamba irin Casio F-91W, wanda ake ƙerawa tun 1989, sukan kai shekara bakwai. Yana jure girgiza, ba ya neman kulawa, kuma duk mai gyaran agogo a Kaduna ya san shi.

Na biyu shi ne mai wani, wanda babu batir a cikinsa ko kaɗan. Wani naɗaɗɗen sifirin ne ke riƙe ƙarfi yana sakinsa a hankali ta cikin ƙananan giya-giyai. Akwai wanda ake yi wa wani da yatsa kowace safiya, irin na kakanninmu, akwai kuma otomatik, wanda aka sa masa wani ƙarfe mai siffar rabin wata da ke juyawa duk lokacin da ka motsa hannu, yana yi masa wani da kansa. Seiko 5, wanda iyayenmu da yawa suka ɗaura kuma wasu suka gada, tun 1963 ake yin sa, kuma har yau shi ne ƙofar da mafi yawan mutane ke shiga duniyar otomatik ta cikinta. Hannun sakan na irin wannan agogo ba ya tsalle, sulalewa yake yi, domin injin yana bugawa sau shida ko takwas a sakan guda, kuma idan ka kara shi a kunne za ka ji wani ɗan sauti mai sauri mai daɗin ji.

Amma a san abin da aka saya, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Otomatik bai kai mai batir daidaito ba, ko kusa. Injin 4R36 da ke cikin Seiko 5 na zamani, kamfanin da kansa ya rubuta cewa yana iya gudu da sakan 45 ko ya yi baya da sakan 35 a rana guda, ko da yake yawanci yakan fi haka kyau a aikace. Hatta agogunan Suwizalan da hukumar COSC ta gwada ta ba su shaidar daidaito, an yarda su yi baya da sakan 4 ko su yi gaba da sakan 6 a rana. Ke nan abin da mai batir zai ɓata a wata, otomatik yana iya ɓata shi a yini ɗaya ko biyu. Sannan idan ka ajiye shi, ƙarfinsa ƙarewa yake yi: 4R36 yana kai kusan awa 41, injin Powermatic 80 na kamfanin Tissot yana kai awa 80. Wanda ya cire agogonsa ranar Juma'a da yamma bai sake ɗaurawa ba sai Litinin, zai tarar da na farkon ya tsaya, sai ya sake saiti. Bayan kowace shekara biyar zuwa bakwai kuma yana son a kwance shi a wanke a sa masa sabon mai, aikin da ba kowane mai gyara ne ya iya ba. A madadin wannan wahala, otomatik na kirki yana iya kaiwa ga jikoki matuƙar ana kula da shi.

Na uku shi ne mai cin haske. Asalinsa mai batir ne, sai dai a ƙarƙashin fuskarsa akwai faifan sola da ke cajin wani ɗan batir da ba a cirewa. Citizen suna kiran nasu Eco-Drive, Casio suna rubuta Tough Solar, Seiko kuma Solar kawai. Idan ya cika, da yawa daga cikinsu suna yin wata shida suna aiki ko da a cikin duhun akwati ne, kuma batirin cikin yakan yi shekara goma ko fiye kafin ya gaji. A ganina, ga mutumin da zai sayi agogon ƙwarai karon farko domin ɗaurawa kullum a Kaduna, wannan ne ya fi dacewa, kuma dalilina ba daidaito kaɗai ba ne. Duk lokacin da aka buɗe bayan agogo domin sauya batir, ana taɓa zoben robar da ke hana ruwa shiga, kuma idan ba a mayar da shi daidai ba, ruwa yana iya shiga ya kashe agogon. Agogon da ba a buɗe shi ba tsawon shekaru goma ya tsira daga wannan. Rana kuwa ba ta yi mana rowa a nan. Abu ɗaya kawai za a kiyaye: wanda kullum agogonsa ke ɓoye a ƙarƙashin dogon hannun riga, ya riƙa ajiye shi kusa da taga lokaci-lokaci, amma ba a gaban gilashin mota da tsakar rana ba, domin zafin wurin yana lalata shi.

Wani zai ce me ya hana a sayi agogon zamani mai haɗuwa da waya. Yana da amfaninsa, sai dai yana neman caji kusan kullum a garin da wuta ke zuwa ta tafi, kuma bayan 'yan shekaru batirinsa da manhajarsa sukan tsufa tare. Wanda kuma babbar buƙatarsa ita ce lokutan salla, akwai agogunan lamba irin na Al-Fajr da aka yi musamman domin haka.

Mataki na huɗu: ruwa, gilashi da ƙarfe

Juya agogon ka karanta bayansa. Za ka ga an rubuta 30M, ko 50M, ko 100M, ko kuma 3 BAR, 5 ATM, 10 BAR da makamantansu, waɗanda suke daidai da 30M, 50M da 100M a jere. Mutane da yawa suna ɗauka cewa 30M na nufin ana iya nutsewa da shi mita talatin cikin ruwa, alhali ba haka ba ne. Lambar tana nuna matsin da agogon ya jure ne a ɗakin gwaji, yana sabo, ruwan kuma a tsaye. A aikace mai 30M fantsama kawai yake jurewa, mai 50M yana iya da wanke hannu da yayyafi, mai 100M shi ne ake iya iyo da shi, mai 200M kuma na masu nutso ne. Wanda ba a rubuta masa komai ba, ka ɗauka ko gumi yana iya shiga cikinsa. Ga mai alwala sau biyar da ke yawo cikin damina, ni ba na ba da shawarar ƙasa da 100M, in ya matsa 50M. Idan maɓallin gefe da ake saita lokaci da shi mai murɗawa ne, wanda ake ɗaure shi kamar noti bayan an gama saiti, to ya ƙara kyau, domin ta nan ruwa ya fi shiga.

Maganar alwala tana da wani gefe da ya shafi maɗauri. Wanke hannu zuwa gwiwar hannu farilla ne, kuma dole ruwa ya kai ga fatar da ke ƙarƙashin agogon, saboda haka ko dai a cire shi ko a sassauta shi a matsar. Wanda ke cirewa gaba ɗaya sau biyar a rana, wata rana zai suɓuce ya faɗi a kan simintin wurin alwala, ko ya manta shi a kan bututun famfo a masallacin Juma'a. Sarƙar ƙarfe mai maƙulli mai naɗewa ta magance wannan, domin idan ka ɓalle ta ba ta rabuwa biyu, zobe take zama mai faɗi a hannu, sai ka matsar da agogon ka wanke wurin ka mayar ka danne. Maɗaurin fata kuwa, duk kyansa da shadda, idan yana shan ruwa da gumi kullum ba ya shekara, kuma kafin ya tsinke warinsa zai riga ya dame ka. A bar fata domin ranar biki da Salla. Roba ta ƙwarai tana jure ruwa, amma ba ta cika dacewa da manyan kaya ba.

Gilashi iri uku ne. Akwai na roba, mai saurin karcewa amma ana iya goge shi ya koma sabo. Akwai gilashi na gama-gari da aka ƙarfafa, wanda Seiko ke kiran nasu Hardlex. Sai kuma safaya, wanda za ka ga an rubuta Sapphire a fuska ko a baya. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa goma, lu'ulu'u, wato daimon, shi ne na 10, safaya na 9, yashi kuma yana wajen 7, gilashi na gama-gari yana ƙasa da yashi. Amfanin sanin wannan shi ne ƙurar hunturu tana ɗauke da ɓarɓashin yashi, kuma duk lokacin da ka goge fuskar agogo da bakin riga a bushe, kana dirza yashin ne a kan gilashin. Bayan shekara biyu ko uku na gama-garin zai yi dishi-dishi, safaya kuwa yana nan kamar ranar da aka saye shi. Idan bambancin kuɗin bai yi yawa ba, ɗauki safaya. Wannan rashin karcewa ne ya ɗaukaka Rado a wurin dattawanmu tun bayan da kamfanin ya fitar da DiaStar a 1962, sai dai abu mai tsananin tauri ya fi saurin tsagewa idan ya faɗi a kan tayil, ba ya lotsewa kamar ƙarfe.

Gidan agogon kuma ya kasance ƙarfen da ba ya tsatsa gaba ɗayansa. Ka lura da rubutun baya: All Stainless Steel na nufin duka gidan, amma Stainless Steel Back na nufin murfin baya ne kawai, sauran kuwa roba ce ko wani ƙarfe mai araha da aka shafa wa ruwa, irin wanda ya bar mini koren zobe. Game da zinare, musulmi namiji ya san cewa zinare tsantsa ba ya halatta gare shi, a kan mai ruwan zinare kuma malamai sun yi saɓani, saboda haka farin ƙarfe ya hutar da kai daga tambaya, ya kuma hutar da kai daga ɓarewa. Mata ba su da wannan damuwa ta shari'a, amma masu haɗa lefe su sani cewa agogo ɗaya na asali ya fi amfani ga amarya da jabu uku masu ƙyalli.

Mataki na biyar: girma

Karɓi tef ɗin awo a wurin tela ka zagaya tsintsiyar hannunka daidai bayan ƙashin nan da ya ɗan turo. Idan ta kama santimita 15 zuwa 17, agogo mai faɗin milimita 36 zuwa 39 ne zai zauna maka, idan ta kai 17 zuwa 19 kana iya hawa zuwa 42. Abin da ya fi faɗin muhimmanci shi ne ƙahonnin da maɗauri ke kamawa a sama da ƙasa: kada su zarce faɗin hannunka su yi rataye a iska. Mai sa kaftani ya nemi wanda kaurinsa bai wuce milimita 12 ba. Ka kuma tambayi faɗin maɗaurin, domin 18 da 20 da 22 su ne ake samu a ko'ina, amma agogo irin Tissot PRX, wanda sarƙarsa haɗe take da gidan, ba ya karɓar maɗaurin kasuwa. Daga ƙarshe ka miƙa hannu ka kalli fuskar: idan ba ka iya karanta lokaci da kallo ɗaya ba, ajiye shi, komai kyansa.

Mataki na shida: wurin saye da gane jabu

A Kaduna za ka samu masu sayar da agogo a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da kantunan da ke kan titin Ahmadu Bello, akwai kuma masu sayarwa ta intanet, da 'yan uwa da ke dawowa daga Umara ko Dubai da ake ba sautu. Ko'ina akwai na asali, akwai kwaikwayo, kuma ɗan kasuwa mai gaskiya zai faɗa maka wanne ne wanne idan ka tambaye shi kai tsaye. Ka gaishe shi, ka ce, "Alhaji, orijina nake nema, mai katin garanti," tun kafin a fara ciniki. Wanda ke da kanti tsayayye, da zai rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar agogon, ya fi wanda gobe ba za ka san inda yake ba. Idan sautu za ka bayar, rubuta wa mutumin cikakkiyar lambar samfurin, kuma ka roƙe shi ya saya a kantin da kamfanin ya amince da shi, a buga wa katin garantin hatimi da kwanan wata. Idan ta intanet ne, kada ka biya duka sai kaya sun iso ka duba.

Alama ta farko ta jabu ita ce farashi. Sabon Rolex na ƙarfe dubban daloli ne, don haka idan aka yi maka tayinsa a kuɗin buhun shinkafa, babu buƙatar wani bincike. Amma yanzu har Casio da Seiko ana kwaikwaya, kuma a nan ne ake buƙatar ido. Buɗe wayarka a gaban mai kanti, shiga shafin kamfanin, ka nemo lambar samfurin, ka gwada hoton da abin da ke hannunka: launin fuska, siffar hannuwa, wurin da kwanan wata yake, da rubutun baya. A bayan Seiko na asali akwai lambar inji haɗe da lambar gida, kamar 4R36 sai ɗan layi sai wasu haruffa huɗu, kuma lambar injin tana sake bayyana da ƙananan haruffa a can ƙasan fuskar, dole su dace da juna. A bayan Casio akwai lamba uku ko huɗu a cikin ɗan akwati, wadda ita ce lambar na'urar ciki, kuma ita ce ke kan littafin bayaninsa. A F-91W, idan ka danne maɓallin dama na 'yan sakanni sunan kamfanin zai fito a allon, ko da yake wasu masu kwaikwayo sun koyi wannan ma, don haka kada ka tsaya a kansa shi kaɗai.

Idan agogon yana da ƙananan da'irori a fuskarsa, danna maɓallan ka ga ko suna aiki, domin a jabu sau da yawa ado ne kawai aka manna. Jawo maɓallin saiti ka juya hannuwan su zagaya har kwanan wata ya sauya, ka ga ko lambar ta zauna a tsakiyar tagarta. Shafa gefen sarƙar da yatsa: ta asali ba ta da kaifi, ba ta kuma ƙarar gwangwani idan an girgiza. Kada rubutun Japan Movt ya ruɗe ka, ma'anarsa injin ne kawai daga Japan, sauran kuwa ko'ina ana iya haɗa shi. Swiss Made na gaskiya kuma, tun daga 2017 doka ta ce aƙalla kashi 60 cikin 100 na kuɗin ƙera agogon a Suwizalan aka kashe shi, amma mai jabu ba ya jin tsoron buga kalmomin.

Na hannu ba laifi ba ne, har ma ana dacewa da tsohon Seiko ko Orient mai lafiya, amma kada ka saya sai ka je da mai gyaran da ka yarda da shi ya buɗe ya duba ko akwai tsatsa. Akwai tsofaffin Seiko 5 da ake harhaɗa su daga tarkace a Indiya, a sake wa fuskarsu fenti mai ɗaukar ido, a sayar da araha. Idan ka ga tsohon agogo da fuska sabuwa fil mai launin da ba ka taɓa gani ba, ka ja baya.

Mataki na bakwai: makon farko da abin da ya biyo baya

Kafin ka bar kantin a rage maka sarƙar daidai hannunka, yadda ƙaramin yatsa zai iya shiga ƙarƙashin maƙullin da ƙyar, domin hannu yakan ɗan kumbura da zafi. Karɓi gaɓoɓin da aka cire ka adana su tare da kwali da kati da rasit. Da ka isa gida saita shi da agogon wayarka daidai sakan, ka rubuta ranar, bayan mako guda ka sake gwadawa. Mai batir ko mai cin haske da ya kauce da minti guda a mako yana da matsala, mayar da shi tun garanti bai ƙare ba. Otomatik da ya kauce da minti ɗaya ko biyu a mako lafiyarsa lau.

Mai otomatik ya kiyaye abu biyu. Kada ya sauya kwanan wata da hannu tsakanin ƙarfe 9 na dare da 3 na asuba a lokacin agogon, domin a wannan tsakanin giyar da ke juya kwanan ta riga ta kama aiki, tilasta mata yana karya haƙoranta. Kuma kada ya kwantar da shi a kan lasifika, ko jikin waya, ko kusa da maganaɗisun murfin jaka. Idan agogon da ke tafiya daidai ya wayi gari yana gudu da mintuna a rana, yawanci maganaɗisu ne ya kama sifirin ɗinsa, kuma mai gyaran da ke da na'urar cire shi zai warware matsalar cikin 'yan mintuna ba tare da ya buɗe shi ba.

Kada a yi wanka da agogo da ruwan zafi da sabulu, ko da mai 100M ne, domin suna busar da zoben roba, kuma kada a danna maɓalli yana jiƙe. Sau ɗaya a wata, musamman da hunturu, a tabbatar maɓallin saiti a rufe yake, a wanke sarƙar da tsohon buroshin haƙori da ruwa kaɗan, za ka yi mamakin baƙin dattin da zai fito daga tsakanin gaɓoɓin. Idan ka ga raɓa a cikin gilashi ba ta washe ba, kai shi wurin gyara a ranar, domin tsatsa ba ta jira.

Mai batir kuma, idan ya ga hannun sakan ya fara tsallake biyu-biyu, wannan alama ce da agoguna da yawa ke bayarwa cewa batir ya kusa ƙarewa. Kada a bar mataccen batir a ciki, yoyo yake yi ya cinye injin. Wajen sauyawa ka tsaya a kan mai gyaran ka ga abin da zai sa: ga agogo mai hannuwa, batirin da lambarsa ta fara da SR, kamar SR626SW ko SR920SW, shi ne daidai, wanda ya fara da LR ya fi araha amma ya fi saurin mutuwa da yoyo. Ka ce masa ya ciro zoben robar murfin ya duba, idan ya bushe ko ya tsage a sauya, idan yana da lafiya a shafa masa ɗan man silikon a mayar da shi cikin raminsa sosai kafin a rufe, sannan ka rubuta watan da shekarar a bayan katin garantin.